Ranar da Profira Ta Ce Za Ta Ga Likitan Ido

"Mijinki ne ko ɗanki?"

Matar da ke bayan tagar karɓar kati a asibitin ba ta ko ɗago kai ba da ta yi tambayar. Tana rubutu da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofin shayi. Profira ta gyara ɗaurin kallabinta, ta waiga. Mutum biyar ne a bayanta cikin layi, kowa ya kawar da kai, kowa kuma ya kasa kunne.

"Ni ce," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Na ga ke ce kika zo, Mama. Sunan mai shan nake tambaya."

"Shi na gaya miki."

Sai a lokacin matar ta ɗago. Ta dubi furfurar da ta leƙo ta gefen kallabi, ta dubi baƙar rigar sanyin da Profira ba ta sawa sai ranar coci, sannan ta ajiye kofin. Ta rubuta suna da shekaru: Profira Gutsan, sittin da takwas. Ta turo katin ta ƙasan gilashi.

"Hawa na uku, ƙarshen baranda. Na'urar hawa ta lalace, sai dai matakala."

Profira ta san hanyar. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ita ta hau da mijinta Gavril wannan benen, tana tura shi daga baya, yana zaginta a kowane taki. A lokacin gwiwoyinta lafiya lau suke. Yau sau huɗu ta tsaya tana riƙe da ƙarfen gefe, numfashinta na fita da ƙyar. Tun jiya da yamma ba ta sa komai a bakinta ba, don kada likita ya ji wari, kuma jikinta ya fara neman hakkinsa. Yatsunta na rawa. Ta cusa su cikin aljihu.

Gavril direban tarakta ne a da, kuma mashayi ne wanda duk ƙauyen ya sani. Sau nawa ta tsamo shi daga kwatami, sau nawa ta jawo shi daga cikin ƙanƙara kafin ya daskare. Ba wanda ya taɓa ganin laifinsa sosai. Namiji ne, aikinsa da nauyi, abin da ake faɗa ke nan. Ita kuwa yabonta ake yi, mace mai haƙuri. Da ya daina, ya daina ke nan. Sun ci gaba da matse inabi suna yin giya duk kaka kamar kowane gida, ganga biyu a ɗakin ƙasa, don baƙi da biki da zaman makoki, amma shi ko ɗanɗanawa ba ya yi.

Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga ranar ita ce hannunsa, ita ce ƙafarsa. Ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki, ta kwashe abin da ya kamata a kwashe. 'Yarsu ɗaya, Lilia, tana Italiya tana yi wa tsohuwar wasu irin wannan aikin. Kofi guda na giyar Profira ta fara da shi, bayan ta gama juya shi, don bayanta ya saki. Kofi ya zama biyu. Daga baya ta daina amfani da kofi, ta koma tulun da take ɗebowa da shi.

Alhamis ɗin da ta wuce ta sauka ɗakin ƙasa ɗebo dankali da rana tsaka. Ta zauna a kan matakala ta huta. Da ta buɗe ido rana ta yi sanyi. Ta tarar da Gavril a ƙasa, gefen gado, goshinsa a fashe, jikinsa a jiƙe, ya yi sanyi kamar dutse. Ruwa ya miƙa hannu zai ɗauka. Awa nawa ya yi a wurin, ba ta sani ba. Da ta sunkuya za ta ɗaga shi, numfashinta ya sauka a fuskarsa. Shi da ya yi shekara talatin yana fitar da wannan warin ba ya bukatar bayani. Kalmomin da suka rage a bakinsa ba su fi goma ba, bai kuwa yi amfani da ko ɗaya ba. Kallonta kawai ya yi, ya juya fuskarsa bango.

Shi ya sa yau da sassafe ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta Zinobiya, ta roƙe ta ta zauna da shi, ta ce za ta gari ganin likitan ido.

Barandar hawa na uku cike take da maza. Wasu sun haɗa kai da gwiwa, wasu na hira kamar a tashar mota. Kusan kowane ɗaya da mace a gefensa, mata ko uwa, riƙe da rigar sanyinsa da jakar takardunsa da ƙunshin abinci. Profira ta nemi ƙarshen benci ta zauna, jakarta a cinya.

"Kai, wa nake gani kamar Gwaggo Profira?"

Ilarion ne, ɗan ƙauyensu, mai gyaran rijiyoyi. Tun yana ɗan makaranta take zuba masa miya, lokacin tana dafa abincin firamare. Yanzu ya doshi hamsin, hancinsa ja wur. Matarsa Tamara na kusa da shi, ta rungume jaka.

"Kar dai ki ce min Baba Gavril ya koma ruwa daga kwance," in ji Ilarion yana dariya. "In haka ne tsohon nan gwani ne. Ni da ƙafafuna biyu ma sai na yi dabara nake samu, wannan ta hana ni sakat."

"Rufe mana baki," Tamara ta ce, ba tare da ta dube shi ba. Profira take kallo. "Lafiya dai, Gwaggo?"

"Takarda na zo karɓa. Ta tsohon. Wai sai an haɗa da tsohon katinsa."

"Ayya. Ke dai kina fama."

"Ai matan zamanin da ke nan," Ilarion ya ce. "Ba irin na yanzu ba. Gwaggo, ki koya wa wannan haƙuri."

Ƙofa ta buɗe, nas ta leƙo da kati a hannu, ta ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji.

"Gutsan Profira, sabuwar zuwa. A shigo."

Dariyar Ilarion ta tsaya. Profira ta miƙe, ta bi ta gabansu ba ta dubi kowa ba. Ta ji idon Tamara a bayanta har ta rufe ƙofar.

Likita Bivol mutum ne mai sanƙo, idanunsa a gajiye. Yana magana da sauri, fuskarsa na kallon kwamfuta. Profira ba ta ji sosai da kunnen hagu, sai ta riƙa gyaɗa kai a kan abin da ba ta ji ba. Can ya lura. Ya juyo da kujerarsa, ya matso ta damanta.

"Mu sake daga farko, Mama. Nawa kike sha a rana?"

"Kofi biyu. Na gida ne, ba na kanti ba. Inabi ne zalla."

"Miƙo hannayenki."

Ta miƙa. Suka dube su tare suna kaɗawa.

"Kofin nan," ya ce, "yaya girmansa?"

Ta kwatanta masa tulun da hannu, ta ce tana cika shi sau biyu, wani lokaci uku. Ta zaci zai yi faɗa, ko ya yi mamaki. Rubutawa kawai ya yi. Ya tambayi magungunan da take sha. Ta zazzage su daga jaka: na hawan jini, na ciwon gwiwa, da wasu ƙananan ƙwayoyin barci da aka rubuta wa Gavril take taɓawa. Ya ɗauki na barcin ya jefa cikin aljihun teburinsa.

"Wannan da giya, wata rana ba za ki farka ba. Kin faɗi kwanan nan?"

"Ba ni ce na faɗi ba."

Ta ba shi labarin Alhamis. Shi ne mutum na farko da ta gaya wa, kuma ta yi mamakin yadda labarin ya ƙare da wuri a baki.

"Abin da mijinki ke sha yana da shekara arba'in ya tashi ya hau tarakta, ke rabinsa ya isa ya kwantar da ke," in ji likitan. "Jikin mace ba ya ɗauka kamar na namiji, jikin tsufa kuma bai kai na da ba. Ga magunguna a kai. Yanzu ki saurare ni da kyau. Kada ki yanke lokaci ɗaya ke kaɗai a gida. A shekarunki zai iya kawo jijjiga, zai iya taɓa zuciya. Abin da ya fi shi ne a kwantar da ke kwana goma, a sauke ki a hankali."

"A nan?"

"Nan ɗakin maza ne kawai. Na mata sai Kishinau, babban birni, gadajen kuma 'yan kaɗan ne. Zan buga waya. Wataƙila Litinin ta sama."

"Kwana goma. Wa zai juya shi?"

"Ba ki da kowa?"

"Ni ce kowan."

Ya shafa kansa. Ya ce akwai zaman tattaunawa da ake yi duk Laraba, ƙarfe shida na yamma. Ta ce motar ƙarshe zuwa ƙauyensu ƙarfe huɗu take tashi. Ta tambaya su wa ke zuwa zaman. Ya ce maza goma sha huɗu, mafi yawansu sa'o'in ɗanta in da tana da ɗa.

"In zauna a gabansu in ce me? Rabinsu ni na dafa musu abinci suna yara."

"Na sani."

"Wancan karon da na kawo tsohon, likitan da ke kujerar nan ni ya ba wa takardar. Ya ce in ɓoye makullin ɗakin ƙasa, in riƙa ba shi ƙwayar da hannuna, in raka shi duk sati. Na yi duka. To ni yanzu wa za ka ba wa tawa takardar?"

Likitan ya dubi ƙofa, inda hayaniyar baranda ke shigowa.

"Gaskiya, Mama, wurin nan an tsara shi ne don namijin da ke da mace a gida. Mata irinki ba sa zuwa. Ba don babu su ba. Sai sun karya ƙugu ake kawo su ɗakin ƙashi, a rubuta santsi ne ya kwashe su." Ya jawo takarda. "Kin zo da ƙafarki, ba zan bar ki ki koma haka ba. Zan riƙe miki gadon. Kafin nan ki rage kaɗan-kaɗan, da kofi na gaske, ga yadda za ki yi na rubuta da manyan baƙaƙe. Nas ɗin ƙauyenku za ta riƙa duba jininki."

"Ƙanwar matar limamin cocinmu ce."

"To ya za mu yi? Ita muke da ita. Amma dole mutum ɗaya ya sani, wanda zai iya shigowa gidanki. Ki zaɓa da kanki."

Ya tura ta ɗibar jini a hawa na ƙasa. Layin ya cinye mata motar tsakar rana. Ta zauna a tasha kusan awa uku, takardar ninke cikin rigarta. Daura da ita akwai ɗan shagon da ake sayar da giya a ƙananan kofuna. Maza na shiga, su kora a tsaye, su goge baki da bayan hannu, su fito suna gaisawa da mutane. Wani tsoho sa'an Gavril ya fito yana tangaɗi, direbobi suka yi masa tsiya, ya rama, aka yi dariya. Gumi ya jiƙa bayan Profira duk da sanyin kaka. Likita da kansa ya ce kada ta yanke. Taku ashirin ne tsakaninta da ƙofar. Ta hango kanta tsaye a wurin da kallabinta da baƙar rigar coci, sai ta ƙara manne jakarta ta zauna. Ta sayi waina mai cuku, ta kasa haɗiye ko loma biyu.

A motar ƙarfe huɗu Tamara ta zauna kusa da ita. An kwantar da Ilarion, ita kaɗai za ta koma. Suka wuce gonakin inabi da aka gama girbewa. Sai da suka doshi gada Tamara ta sunkuyo.

"Gwaggo, ni ban ga komai ba. Ba mai ji daga bakina."

"Na gode."

"Ai abin kunya bai kamata ya fita ba. Namiji dai an saba. Amma mace, kuma babba kamarki, ga mara lafiya a hannu." Ta girgiza kai. "Lilia ta sani?"

Profira ta juya ga taga. Daga yadda aka yi tambayar ta san kafin Lahadi labarin ya gama zaga ƙauyen, kafin wata Lahadin ya isa Italiya.

Rana ta yi ƙasa lokacin da ta tura ƙyauren gidanta. Zinobiya na zaune a dakalin ƙofa. Bazawara ce mai shekara saba'in da ɗaya, gajera, mai faɗa, wadda katanga ɗaya ta raba su shekara arba'in. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ƙarfe ɗaya kika ce. Ƙarfe ɗaya. Ido nawa gare ki da za a wuni ana dubawa?"

"Mota ce ta wuce ni. Yaya yake?"

"Ya ci tuwon masara da madara, na sauya masa shimfiɗa, na juya shi sau biyu, bayana kamar zai balle. Yana barci. Ni na tafi."

Profira ta leƙa ɗaki. Gavril na kwance a tsabtace, an taje masa gashi, ciwon goshinsa ya fara bushewa. Ta daɗe ba ta gan shi fes haka da yamma ba. Ta fito ta tarar Zinobiya har ta kai ƙyaure.

"Zino, dawo. Ba likitan ido na je ba."

Ta faɗa mata a tsaye, a tsakar gida, cikin 'yan kalmomi. Tulun, Alhamis, hawa na uku, gadon Kishinau, kwana goma. Ta jira abin da zai biyo baya. Ta san bakin Zinobiya, ta sha jin yadda yake yanka mutane.

Zinobiya ta dawo a hankali ta zauna a dakalin, ta cusa hannayenta a hammata. Ta daɗe tana kallon kajin da ke tonon ƙasa.

"Da safe zan iya," ta ce daga baya. "Wanka, abinci, magani, duk zan yi. Har ƙarfe ɗaya, ko biyu in na matsa. Bayan nan kada ki dogara da ni."

"Saboda me? Akuyarki?"

"Wace akuya."

Ta zaro hannayen ta ɗora a gwiwa. Suna rawa. Goshinta ya tsattsafo da gumi, leɓenta a bushe. Profira ta dube su, ta dubi nata.

"Tun ƙarfe biyu nake zaune a nan ina zaginki a zuciya," in ji Zinobiya. "Ga ƙofar ɗakin ƙasanki a buɗe, ina jin ƙamshin. Na ce ba zan taɓa ba alhali an bar min amanar mutum. Saura kaɗan in mutu."

Profira ta zauna kusa da ita.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka binne maigidana Simion. Shekara shida."

"Ban taɓa ji ba."

"Ni ma ban taɓa jin naki ba. Ina ganin kin rufe labule da rana, in ce baiwar Allah ta gaji. Ke kuma me kike cewa in kin ga nawa a rufe?"

"In ce kina kallon talabijin."

Zinobiya ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ta goge ido da bakin kallabi. Can ƙasan unguwa ana koro shanu daga kiwo.

"Saura mai kula da shi da yamma ke nan," Profira ta ce. "Zan kira Lilia gobe, kafin Tamara ta riga ni. In za ta zo ta zo. In ba za ta zo ba, in je in durƙusa wa nas ɗin."

"Za ta yi kuka, 'yar taki."

"Ta yi. Ni ma na yi nawa."

Ta shiga ciki ta ɗauko takardar likita da tabarau, da ƙananan kofuna biyu irin na shayi. Ta sauka ɗakin ƙasa ta dawo da su, kowanne iya inda aka rubuta. Zinobiya ta karɓi nata da hannu biyu don kada ya zube, ta leƙa cikinsa.

"Wannan ne duka?"

"Na yanzu. Na gobe ya fi haka ƙanƙanta."

"Mugun likita." Ta kurɓa, ta rufe ido, ta sauke numfashi. Da ta buɗe, takardar take kallo, ta karkatar da kai tana ƙoƙarin karanta manyan baƙaƙen. "Can ɗin, suna ɗaure mutum a gado?"

"Ban sani ba."

"Suna karɓar wadda ta haura saba'in?"

"Ban tambaya ba."

Zinobiya ta juya kofin a tafin hannunta.

"To ki fara zuwa," ta ce. "Ki duba min wurin da kyau. In kin dawo kya gaya min."